Hotunan da nake wankewa a firinta sun ƙi bushewa, dan Allah a taimaka min

Maman Biyu, ƙasar Ringim

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san harkar firinta ku taimaka min da shawara, tun shekaranjiya abin nan ya hana ni sukuni.

Ni a ƙauye nake nan ƙasar Ringim, bayan ƙaramar sallah maigidana ya sayo min firinta irin mai tanki huɗu ɗin nan da ake ɗura wa tawada da kwalba, don in riƙa ɗan samun na kashewa ina daga cikin gida. Kun dai san yanayinmu, mata da yawa ba sa son hotonsu ya je gari hannun namiji, to sai su turo min ta waya ko a aiko yarinya da memori ni kuma in wanke musu, fasfo na 'yan makaranta, hoton suna, na kamu, kuma alhamdulillahi ana samu.

Tun farko na lura in hoto yana da baƙi da yawa, kamar mace ta sa baƙin hijabi ko abaya, ko sumar jariri, in na goga yatsa a wajen sai baƙin ya ɗan taso min a hannu ko da hoton ya kwana, amma sauran kalolin lafiya lau. Ban ɗauke shi komai ba na zaci haka abin yake. To sai takardar da aka haɗo min da ita ta ƙare, ƙanena zai shiga Kano na ba shi saƙo, ya dawo min da wani ƙaton ɗauri mai sheƙi sosai ya ce wannan ta fi araha kuma ta fi yawa. Ita ce fa ta ɓallo min ruwa.

Ranar Talata maƙociyata ta yi suna, na wanke mata hoto 24 na jera su ɗaya kan ɗaya na sa a leda na ba 'yarta. Bayan la'asar sai ga kakar jaririn da kanta, tsohuwa ce da nake matuƙar jin nauyinta, ta miƙo min ledar ba ta ce komai ba sai "'yar nan duba min nan." Hotunan sun manne da juna kamar an shafa musu ƙaro, na ɓamɓare na sama sai ga rabin fuskar mai jego a bayansa, lallen hannunta ya malale har kan farin tawul ɗin jaririn, babban yatsan tsohuwar kuwa ya yi shuɗi da baƙi. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauko kuɗinsu zan mayar ta ƙi karɓa, ta ce in dai sake musu in abin ya gyaru, wannan ƙin karɓar shi ya fi komai tsaya min a rai.

Na sake buga guda biyu na gwaji na bar su ƙarƙashin fanka suka kwana, da safe har yanzu danƙo suke yi. Shin tawadar ce ta lalace, ko ruwan da ake ta yi ne kwanan nan, ko firintar ce ta samu matsala tun ba a je ko'ina ba? Ba ni da kwamfuta daga waya nake turawa. Na gode Allah ya saka da alheri.

dan gumel

wa alaikumus salam hajiya ai damina ce kawai, yanzu ko wanki kika shanya sai ya kwana biyu bai bushe ba balle hoto. ki dinga fito dasu rana kaman minti talatin kafin ki bayar. in kuma bai yi ba to inaga jabun inki aka hada ki dashi sun cika kasuwa yanzu wlh. Allah ya rufa asiri

Mai Gyaran Firinta, Kano

Wa alaikumus salam. Hajiya ki kwantar da hankalinki firintarki ƙalau take, da ita ce ta samu matsala hoton ma ba zai fito da kyau ba, layi-layi za ki gani ko wata kala ta ɓace gaba ɗaya. Gyaransu shi ne sana'ata a nan wajen Beirut Road kuma irin wannan ƙorafin ba ya yankewa.

Ɗan'uwa na Gumel ka yi haƙuri, damina tana da nata kason amma ba ita ce uwar tafiyar ba, maganar rana kuma dan Allah a bar ta, rana cinye kalar hoton firinta take yi, ya koɗe ya kuma nannaɗe.

Matsala biyu gare ki ba ɗaya ba, kuma ke da kanki kin raba su a bayaninki ba ki sani ba.

Babbar ita ce sabuwar takardar. Tawadar irin firintarki yawancinta ruwa ne, ba bushewa take yi a iska kamar fenti ba, takardar ce take shanye ta. Shi ya sa takardar hoto ta gaskiya akwai wani shafi da ake yi wa fuskarta mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Tunda ke 'yar Jigawa ce misalin a ƙofar gidanku yake, zuba ruwa a kan rairayi ki ga yadda yake nutsewa nan take, ki je ki zuba a kan laka a fadama ki ga yadda zai kwanta yana kallonki. To akwai takarda mai sheƙi da aka yi don injin laser wanda yake aiki da hoda da zafi, akwai kuma wadda masu ɗab'i suke kira art fefa da ake buga kalanda da katin gayyata da ita da tawada mai mai, waɗannan biyun a ido kamar takardar hoto suke har ma su fi ta ƙyalli, amma laka ce, ko sati kika bar hoton ba zai kama ba. Kuma su ake sayarwa da yawa da araha, ina kyautata zaton ita ƙaninki ya kwaso. Ki duba jikin kwalin ko ledar, in ba a rubuta Inkjet ba, wato irin firintarki mai fesa tawada, to shikenan. Ki kuma ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a gefen sabuwar da gefen tsohuwar in akwai ragowa, ki ba su minti ɗaya ki gaya mana me kika gani.

Ko cikin na inkjet ɗin ma iri-iri ne. Akwai wadda shafinta kumbura yake yi kamar garin kwaki in ya sha ruwa, ita a hankali take bushewa kuma lokacin damina takan daɗe tana danƙo. Wadda ta fi ita ce ake rubuta RC a jikinta, ita hoto na fitowa ki taɓa ba abin da zai taso. In za ki aika a sayo ki ce RC gilosi ta inkjet, mai nauyin giram 230 ko 260, an rubuta lambar a jikin kwalin.

Ta biyu baƙin da yake tasowa tun a tsohuwar takarda. Tawada iri biyu ce. Akwai mai rini, ta narke cikin ruwa gaba ɗaya kamar babar marinar Ƙofar Mata, shiga jikin abu take yi. Akwai mai gari, ita ƙananan ƙwayoyi ne suke yawo cikin ruwan, kamar tawadar allo da ake haɗawa da gawayi da ƙaro, kin san ita a saman allo take zama shi ya sa ake wanke ta. Firintoci da yawa masu tanki huɗu kalolinsu uku rini ne amma baƙin gari ne, don rubutu ya fito raɗau a farar takarda. Misali Canon G2411 da G3411 haka suke, kwalbar baƙinsu mil 135 ce kalolin kuma mil 70. Epson L3110 da L3250 kuwa duka huɗun rini ne, kwalba mil 65 kowacce. To mai baƙin garin nan in kika bar setin ɗinta a kan Plain Paper ɗauka take yi takardar rubutu kika sa mata, sai ta zuba baƙin gari a kan sheƙi ya zauna a sama yana gogewa. In kika canza zuwa Glossy ko Photo Paper sai ta daina taɓa wancan baƙin kwata-kwata, ta haɗa shuɗi da ja da rawaya ta fitar da baƙi na rini. A waya ma akwai wajen, kafin ki danna bugawa ki nemi inda ake zaɓen irin takarda ba girmanta kaɗai ba.

Maman Biyu, ƙasar Ringim

Malam Allah ya yi maka albarka ya jiƙan magabata. Yanzun nan na tashi na duba, ledar takardar ba abin da aka rubuta a jiki sai A4, ba suna ba komai. Na samu guda ɗaya ta tsohuwar da na taɓa ɓatawa na ɗiga musu ruwa kamar yadda ka ce, tsohuwar ta shanye wajen ya ɗan yi duhu, sabuwar kuwa ɗigon yana nan zaune dunƙule kamar raɓa a kan ganyen gwaza, na karkata takardar ya gangara ya faɗi ƙasa. Kuma eh kwalbar baƙina ta fi sauran girma sosai. Na shiga wayar na ga Plain Paper ɗin nan, wallahi tunda aka kawo firintar ban taɓa taɓa wajen ba ni girman kawai nake canzawa, wata huɗu kenan ina ba mutane hoto a haka, Allah ya yafe min.

Baba Mai Hoto, Wudil

Salamu alaikum. 'Yata na karanta bayaninki har ƙarshe kuma abin ya taɓa ni, don wanda bai taɓa tsayawa gaban mai hoto an dawo masa da aiki ba ba zai san zafin ba. Yaron nan mai gyara ya faɗi gaskiya ba ni da abin cirewa, araha ba ta ado. Ni ƙari zan yi a kan abin da ke biyo bayan fitowar hoto, don tun zamanin da muke wanki a ɗakin duhu muna maƙala hoto a igiya nake cikin sana'ar nan, kuma har yau da inji ya zo shanya ba ta fita daga aikin ba.

Ko da takarda mai kyau ce, hoton da ya bushe a hannu bai gama bushewa a ciki ba. Kar ki ƙara ɗora wani kan wani daga fitowarsu. Ki samu tire ko ki shimfiɗa tabarma mai tsabta a ɗaki inda yara ba sa shiga, ki baje su ɗai-ɗai fuska sama kamar kwata na awa, sannan in za ki tara ki sa farar takarda ta rubutu tsakanin kowane biyu. Wanda za a sa a firem mai gilashi ko albam ko a yi masa laminatin, wannan sai ya kwana ya wuni, awa 24 cur, su kansu masu yin takardar haka suke cewa. Na taɓa yin gaggawa wata ranar Juma'a, ranar kasuwarmu ce mutane sun yi layi, wani bafulatani ya kawo hoton mahaifinsa da ya rasu a ƙara masa girman hoton, na buga na rufe a firem nan take don zai bi motar yamma. Juma'a ta zagayo ya dawo da shi, cikin gilashin ya yi hazo daidai siffar dattijon kamar wani ya huce a kai, danshin tawadar ne ya fito bai samu hanya ba. Na buɗe na goge gilashin na sake masa wani kyauta, amma har yau ina tuna yadda ya riƙo firem ɗin da hannu biyu.

Leda kuma ki rabu da ita, ita ta ƙarasa ɓata miki aikin sunan nan, gumi take tarawa. Ambulan na takarda ya fi. Maganar damina da ɗana na Gumel ya kawo ba ƙarya ba ce, watan Agusta iska cike take da ruwa, takardar da ba a buga ba ma tana shan danshi tun tana ajiye, sai ki ga ta lanƙwashe tawada na bajewa a kai. Ki riƙa ciro iya wadda za ki yi aiki da ita ki mayar da sauran cikin ledarta ki rufe bakin, a ajiye a kwance cikin akwati ba a ƙasa ba kuma ba jikin bangon da yake jiƙa ba. Ki riƙe hoto ta gefe-gefe, yatsa mai man shafawa shaida yake bari.

In Allah ya buɗa gaba kika ga aikin ya kankama, masu kala shida irin Epson L805 su aka yi domin hoto, akwai shuɗi mai haske da ja mai haske a ciki shi ya sa fatar mutum take fita sumul. Amma ba yanzu ba, wadda ke hannunki za ta riƙe ki.

Malamin Firamare, Bichi

Ku gafarce ni in ɗan raɓa a nan tunda masana sun hallara. Ni tawa matsalar kishiyar ta Hajiya ce, ita tata ta ƙi bushewa a takarda ni tawa a cikin injin ta bushe. Bara da hunturu na rufe ta na yi tafiya wajen sati biyar, da na dawo duk hoton da na buga fuskokin yara kore-kore suke fitowa da fararen layuka, sai da na kai ta birni. To ga hutu ya sake zuwa kuma bana son a maimaita, me zan yi?

Mai Gyaran Firinta, Kano

Malam gara da ka tambaya, Hajiya ke ma ki saurara don hunturu na nan tafe kuma lokacin ne teburina yake cika. Hed ɗin da yake fesa tawada ƙofofinsa sun fi silin gashi ƙanƙanta, in iskar hunturu ta same su a buɗe tawadar bakin ƙofar sai ta daskare. Koren da ka gani jan ne ya toshe, shuɗi da rawaya suka rage su kaɗai.

Maganinsa mai sauƙi ne, kar ta yi sati ba ta yi aiki ba. Ko ba ka da aiki ka buga ƙaramin hoto mai kaloli duka, in za ka yi tafiya ka nuna wa wani a gida yadda ake yi. Sannan kashewa da maɓallinta ake yi a jira ta gama motsinta, don a lokacin ne hed yake komawa gefe ya zauna kan wata 'yar roba da take rufe masa baki. Masu zare waya daga soket ko a kashe janareto tana tsakiyar aiki su suke barin hed a tsakiya a buɗe, in wuta ta ɗauke muku haka to da ta dawo a kunna ta ta koma mazauninta. A rufe ta da ƙyalle saboda ƙura, kuma kar a bar ta ɗakin kwano da rana tsaka a watan Afrilu, littafinta ma digiri 35 ya ce iyaka mu kuwa nan muna haura 40.

In ka ga layi ka fara buga Nozzle Check, wato shafin gwajin kaloli, ka ga wace kala ce ta yanke, ka yi kilinin, wato wankin hed da firintar take yi da kanta, sau ɗaya ko biyu, in ta kai uku bai buɗe ba ka bar ta ta kwana ka sake gwadawa. Masu danna kilinin sau goma a jere tawada kawai suke zubarwa, kuma duk tana tafiya cikin wani soso a ƙasan injin, ranar da ya cika firintar tsayawa za ta yi cak. Kar kuma a ci gaba da bugawa a haka a ce zai buɗe da kansa, musamman Canon da HP da suke fesa tawada da zafi, tawadar ce take sanyaya hed ɗin, in babu ita ƙonewa yake yi. Tanki kar ya sauka ƙasa da layin ƙasa iska za ta shiga tiyo. Kuma dan girman Allah kar a ƙara wa tawada ruwan rijiya ko na leda don ta yi auki, kar a zuba mai gari a tankin mai rini, na sha ganin wannan kuma sau da yawa sai dai sabon hed.

Maman Biyu, ƙasar Ringim

Jama'a na dawo da albishir. Jiya maigidan ya shiga Kano da kansa na rubuta masa a takarda RC gilosi inkjet 260, ya samo fakiti biyu na 4x6 da ɗaya na A4. Na canza setin ɗin zuwa Glossy na fara da hoton da ya fi ba ni tsoro, wanda ƙanwar mai jego ta sa baƙar abaya, ya ɗan fi daɗewa kafin ya fito amma da na goga yatsa a kan abayar ko ɗis bai taso ba, na goga da farin ƙyalle ma haka. Na baje su a kan gado kamar yadda Baba ya ce na kulle ɗakin saboda 'yan biyuna, suka kwana, yau da safe na sa farar takarda a tsakani na zuba a ambulan na kai da kaina. Tsohuwar ta zauna bakin ƙofa tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta gefe, da ta zo kan na jaririn ta daɗe tana kallo ta ce kunnen kakansa ne sak.

Saura waɗanda na wanke wa a baya masu baƙin hijabi, na fara aika yara gidajensu duk wadda nata ya goge ta kawo in sake mata. Malam mai gyara tambaya ta ƙarshe, wancan ƙaton ɗaurin ya zan yi da shi, ko guda talatin ban taɓa ba a ciki.

Mai Gyaran Firinta, Kano

Masha Allah Hajiya. Kar ki zubar, ki ba ƙaninki ya kai wa masu shagon kwamfuta a cikin Ringim da suke da injin laser ko masu buga katin biki su gwada guda ɗaya, in ta yi musu za su saya ko ku yi musaya da farar takarda, dama kina buƙatarta ta sawa tsakanin hotuna.